Tambaya da Amsa: Wai Turawa ma sun ƙona mayu?

Tambaya: Malam barka da aiki. A unguwarmu nan Bagalam wani yaro ya kwanta masassara yana ta sambatu da sunan wata tsohuwa maƙwabciyarsu, sai mata suka taru ƙofar gidanta wai ta kama mishi kurwa dole ta zo ta tsallaka shi. Ƙanena ɗan lakwal ya ce ai Turawa ma sun yi haka har da ƙonawa. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu, Maradi.

Amsa: Malama, ƙanenki bai yi ƙarya ba, nasu ma da doka aka yi shi. A Sikotilan, ƙasar da ke arewacin Birtaniya, majalisa ce ta kafa dokar maita a 1563, hukuncinta kisa, ba a soke ta ba sai 1736. Binciken Jami'ar Edinbara ya ƙirgo mutum sama da 3,800 da aka tuhuma, kashi 84 cikin ɗari mata ne, kuma yawanci abin daga rigimar maƙwabta yake farawa, an yi cacar baki, tsohuwa ta yi Allah ya isa, kwana kaɗan saniya ta mutu ko yaro ya kwanta shi ke nan sai dattawan coci su kira ta.

Wadda ta fi tsaya min a rai Agnes Sampson ce, ungozoma mai ba da magani. A 1590 aka ce ita da wasu ne suka tayar da guguwa a teku don su kifar da jirgin sarki James na 6 da amaryarshi ƴar Danmak, sarkin da kanshi ya zauna yana mata tambayoyi. Aka aske mata gashin jiki kaf ana neman tambarin shaiɗan, aka ɗaure mata kai da igiya ana murɗawa, aka hana ta barci, to wa zai ƙi amsa laifi a haka? Ta amsa. A 1591 aka shaƙe ta sannan aka ƙona gawar. Har masu sana'ar soka allura akwai, biyan su ake, in suka soka wuri a jikin wadda ake tuhuma bai yi jini ba wai an kama mayya.

Sai a 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta fito ta nemi gafara.

Yaron nan dai ku kai shi asibiti yau a auna mishi palu, wato zazzaɓin cizon sauro, in ya hau kai yana sa sambatu har da suma. Tsohuwar kuma a sanar da mai unguwa kafin samari su fara jifa.