Kiɗan Gida da Kiɗan Titi: Amsa daga Nima

Ɗan'uwa, saƙonka ya iso, kuma na yi dariya da ka ce ko Hausar ce ta gagari yaranmu, shi ya sa ba ka taɓa jin ɗan Zango, wato unguwannin Hausawa da Musulmi a Gana, ya yi suna da ita a waƙa ba. Gaskiya ne Hausarmu ta Gana ta sha bamban da taku ta Kano. Yaro zai ce maka "yarinya ya zo", ko a jikinsa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Shekara goma sha biyar ke nan ina ba da hayar lasifika da kujeru a Nima, cikin Accra, don haka abin da kunnena ya ji zan gaya maka.

Ranar aure, kiɗan naku ne. Mata sun sha anko, wanda muke kira yayi, amarya na shirin fitowa, to idan mai saka kiɗa bai sa waƙar Kano ba, uwar amarya da kanta za ta taso masa. A 2020 da waƙar Hamisu Breaker ta game wayoyin mata, kusan babu bikin da na kai kaya ba a buƙace ta sau uku ko huɗu ba, ana ta liƙin sidi, kuɗin Gana, har ƙasa ta rufe. Abin da mawaƙanku suka fito da shi bana, shi matanmu za su taka baɗi, har ɗaurin ɗankwalin sai sun kwaikwaya.

Amma da an yi isha, dattawa sun watse, sai samari su karɓe filin, kuma su kiɗan titi suke so. A can ne kuɗin yake. Kai a Kano mawaƙi yana da miliyoyin masu jin Hausa, ga fim da zai ɗauki waƙarsa, ga 'yan siyasa. Mu tsiraru ne. Kasuwar Gana da Twi take magana, wato Tonanci, sai kuma Turancin titi. Wanda ya nace wa Hausa zalla zai ƙare a zagayen biki da suna, daga Nima zuwa maƙwabciyarta Mamobi.

Yaran ƙungiyar mawaƙa ta VIP ne suka fara gane haka. 'Yan unguwar nan ne, muna ganinsu suna yawo. Suka hau salon hiplife, wato gamin gambarar zamani da kiɗan Gana, da Reggie Rockstone ya buɗe wa hanya a shekarun 1990, suka yi amshi da Tonanci, suna jefa Hausa nan da can kamar gishiri a miya. A 2004 aka ba su kambun gwarzon mawaƙin shekara na ƙasa baki ɗaya. Kafin nan, idan ka ce daga Nima kake, mutum sai ya dafe aljihunsa. Bayan nan masu shirya wasa suka fara shigowa neman yara. 'Yan VIP ɗin ne kuma suka kafa Sallafest, wasan da ake yi a babban titin Nima lokacin Sallah. Malamai sun yi ta faɗa a kai, wani abin ma da gaskiyarsu, domin na ga abin da ke faruwa bayan sha biyun dare. Duk da haka manyan mawaƙan ƙasar suna rububin hawa wannan dandamali.

Yanzu kuma ga Black Sherif, Mohammed Ismail Sherif, ɗan Zangon garin Konongo. Ya yi suna a 2021 da wata murya mai kama da kuka, yana ba da labarin wahalar saurayi mai neman na kai, Burna Boy ma ya shiga waƙarsa, a 2023 ya zama gwarzon shekara. Tun daga nan duk yaron da ya shiga situdiyo sai ya karya murya irin tasa. Ni da na tashi ina jin Shata a rediyon mahaifina, nakan ji wani abu na gida a jan muryar nan, ko da yake yarana cewa suke tsufa ne ke damuna.

Ɗan ƙanwata ya ɗauki waƙa watan jiya, baiti biyu da Hausa tsantsa. Mai haɗa kiɗan ya saurara, ya ce baitocin su zauna, amma amshin a mai da shi Tonanci in ana so rediyo ta saka. Yaron ya yi fushi kwana biyu, sannan ya koma ya sake.

Akwai bikin da zan kai kaya ranar Lahadi mai zuwa. Turo mini sababbin da ake yayi a wajenku ta WhatsApp kafin Juma'a, kar uwar amarya ta ci mini mutunci.