Me ya sa 'yar ruwa ta ture masu shan jini a wajen yara?

Hajiya, kin ce yayyen 'yarki finafinan masu shan jini suka taso suna kallo, ita kuwa ba ta da zance sai na 'yar ruwa, har jaka mai hotonta ta sa kika nemo mata a Kasuwar Barci. Kina tambaya ko akwai abin damuwa.

Yayi ne kawai. Masu shan jini sun yi tashe bayan fitowar fim ɗin Twilight a 2008, aka yi ta maimaita labari iri ɗaya har ya gunduri mutane. Labarin 'yar ruwa kuwa an rubuta shi a Denmark tun 1837, Disney ya yi katun ɗinsa a 1989, ya sake shi a 2023 da Halle Bailey, baƙar fata, a matsayin jaruma. A ganina wannan ne ya ja yaranmu. Ga kuma lissafin 'yan kasuwa: iyaye sun fi sayen 'yar tsana mai jelar kifi a kan dodo mai jini a baki.

Inda ake kuskure shi ne ɗaukar duk fim ɗin 'yar ruwa a matsayin na yara. Akwai na ban tsoro, akwai masu shigar da ba ta dace ba, don haka ki duba shekarun masu kallo da aka rubuta wa fim ɗin, ki fara kallo kafin ita. Kada kuma a razana ta da labarin aljanun Kogin Kaduna, tsoro zai ƙara mata.

In tana firgita cikin barci dare bayan dare, a kai ta wajen likitan yara. Tambayoyinta kan aljanu kuwa, malamin Islamiyyarsu ya fi mu sanin amsarsu.