Hukuncin shan jiƙon ayahuasca a Birazil

Tambaya: Malam, ina karatu a Birazil. Wani abokina ya gayyace ni cocinsu, inda ake shan wani jiƙo mai suna ayahuasca, ana waƙoƙi har asuba. Ya ce ba giya ba ce, magani ne, kuma mutum yana ganin gaibu. Ya halatta in gwada sau ɗaya?

Amsa: Ɗana, bai halatta ba.

Asalin jiƙon na ƙabilun dajin Amazon ne, irin su Shipibo na Peru. Ana dafa wata kurangar daji da ganyen chacruna, mai ɗauke da sinadarin DMT da ke sa gane-gane, har ruwan ya yi kauri ya yi ɗaci. Wanda ya sha yakan kama amai da gudawa, sannan ya shafe sa'o'i yana gane-gane, bokan da ke jagorantar zaman yana rera waƙoƙin kiran iskokin tsirrai. Cocin abokinka kuwa, in Santo Daime ce, Raimundo Irineu Serra ya kafa ta a jihar Acre ta Birazil cikin shekarun 1930, bayan ya ce Nana Maryamu ta bayyana gare shi a siffar Sarauniyar Daji. Su a wurinsu shan jiƙon ibada ne, ba shaƙatawa ba.

Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke bugarwa giya ne, kuma duk giya haramun ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Hukuncin yana bin gushewar hankali, ba sunan abin sha ba. Batun magani ma an amsa shi tuntuni: da sahabi Ɗariƙ ɗan Suwaidu ya ce yana haɗa giya don magani, Manzon Allah (SAW) ya ce masa ba magani ba ce, cuta ce.

Amma abin da ya fi dame ni shi ne gane-ganen. Mafarki nagari yana zuwa ne daga Allah ga mai barci, ba a tilasto shi da ƙoƙo. Abin da bugagge ya gani ba hujja ba ne ko a gaban alƙali, balle a gina aƙida a kansa. In ruɗin ƙwaƙwalwa ne, an yi hasara. In kuma aljanu ne, aya ta 6 ta Suratul Jinni ta faɗi makomar masu neman tsari da su. Mu da muka san bori, kiran iska da waƙa ba baƙon abu ba ne.

Ka kyautata wa abokinka, ka ci abincinsa na halal, ka gaida shi in ba shi da lafiya. Wannan zaman dai kada ka je, ko da kallo ne.

Allah ne mafi sani.