Tsakanin Zato da Nazariyya: Amsa ga Malamin Makaranta daga Daura

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani malamin sakandare a Daura mai koyar da ilimin halittu. Ya ce yana cikin darasi a kan abin da Turawa ke kira tiyorin ibolushin, wato bayanin yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani, sai wani ɗalibi ya miƙe ya ce: "Malam, ai tiyori zato ne, Bahaushe kuwa ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to don me za a kawo mana shi a jarrabawa?" Malamin yana son in gaya masa kalmar Hausa da ta dace da tiyori, da wadda ta dace da ibolushin, sannan in duba ko karin maganar ta hau kan batun.

Malam, Allah ya ƙara basira, ka kuma gaishe mini da wannan ɗalibi, domin yaron da ke auna darasin boko da ma'aunin harshensa ya kama hanyar ilimi. Sai dai karin maganar da ya jawo ba a nan take zaune ba. Zaton da ake cewa zunubi ne shi ne mugun zato ga mutum, kamar ka ga maƙwabcinka ya fito daga wani lungu da dare ka yanke masa hukuncin ɓarna a zuciyarka. Tushen maganar yana cikin Suratul Hujurati, aya ta 12, inda aka hori muminai su nisanci yawan zato domin wani sashensa laifi ne. Magana ce ta kare mutuncin jama'a, ba ta hana manomi ya dubi hadari ya ce yana zaton za a yi ruwa ba.

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fage, kowace da nauyinta. Akwai zato da tsammani, waɗanda zuciya ce ke karkata ba tare da tabbas ba. Akwai kintace da kirdado, wato auna abu da ido ko lissafa lokacinsa ba da ma'auni ba. Akwai shaci-faɗi, wanda shi ne mafi rauni, magana ce da aka yanko ba tushe. Sai hasashe, wanda ya fi su daraja, domin mai hasashe ya ga alamu ne ya faɗi abin da yake ganin zai biyo baya, kuma ana iya jira a gani ko ya dace. A aikin kimiyya hasashe shi ne matakin farko, shawara ce da mai bincike ke kawowa don a gwada ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta kai matsayin tiyori a bakin masana kimiyya.

Inda rikicin ya samo asali shi ne Turancin kansa, domin kalmar tana da fuska biyu a can. A hirar yau da kullum Bature yakan ce yana da tiyori a kan wanda ya sace masa kaza, yana nufin zato. A ɗakin bincike kuwa ma'anarta ta koma wani abu dabam. Asalin kalmar daga Girkanci ne, tana nufin kallo da zura ido a kan abu. Da Larabawa suka zo fassara ta sai suka ce nazariyya, daga nazar, wato dubawa, tushen da mu ma muka aro kalmarmu ta nazari daga gare shi. A sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu an fi amfani da ra'i, ana cewa ra'in kaza a nazarin adabi, ita ma daga kalmar Larabci mai tushen gani. Ba na jayayya da ra'i a fagen adabi, ta riga ta zauna. Amma a ajin kimiyya ina ganin tana da haɗari, saboda ita da ra'ayi uwa ɗaya ta haife su, kuma kunnen ɗalibi ba zai raba su ba. Da zarar ya ji ra'in Darwin, wato masanin da ya shahara da bayanin ibolushin, zai ɗauka ra'ayin Darwin ne, kowa kuwa da ra'ayinsa, wani na son fura wani na son kunu. Don haka shawarata ita ce ka riƙa cewa nazariyya, kalmar da duk wanda ya zauna gaban malamin zaure zai ji ƙamshin nazari a cikinta.

Nazariyya a kimiyya ita ce cikakken bayani da ke ɗinke tarin abubuwan da aka gani aka tabbatar, ya faɗi dalilin faruwarsu, ya kuma yi nuni da abin da za a tarar idan aka duba inda ba a taɓa dubawa ba. Sharaɗinta shi ne ta kasance ana iya ƙaryata ta da hujja, kuma an yi ta ƙoƙarin ƙaryata ta ɗin amma ta tsaya. Bayanin da ke cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa cututtuka masu yaɗuwa har yau sunansa nazariyya, alhali tun 1882 Robert Koch ya nuna ƙwayar da ke kawo tarin fuka, kuma babu likitan da zai shiga tiyata da hannu ba wanki yana cewa ai zato ne.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa nazariyya idan ta girma sai a ƙara mata girma ta zama doka, kamar hakimi ya zama sarki. Ba haka abin yake ba, kuma misali mafi kusa yana cikin harshenmu. Tsofaffinmu a ƙasar Katsina da Gobir da Sakkwato suna cewa sabro da zamna da amre da abduga, inda Bakano ke cewa sauro da zauna da aure da auduga. Haka nan kowa yana cewa talaka amma talauci, buzu amma bugaje, ɓauna amma ɓakane. Wani Bajamushe mai suna August Klingenheben ya tsara wannan a 1928, ya nuna cewa wasu baƙaƙe idan suka zo ƙarshen gaɓa sukan raunana su koma wasali, kuma masana harshe suna kiran wannan dokar Klingenheben. Dokar ta faɗi abin da ke faruwa ne kawai. Bayanin dalilin da ya sa sautuka ke sauyawa, da yadda harshe ɗaya ke rabuwa ya zama kare-kare har ya zama harsuna, wannan shi ne nazariyya, kuma ta fi dokar faɗi nesa ba kusa ba. Doka siffantawa take yi, nazariyya kuwa bayyana dalili.

Na san ɗalibinka zai dawo da wata karin maganar, ya ce gani ya kori ji, wa ya ga abin da ya faru shekaru miliyoyi da suka wuce? Amsar ita ce gani ba na ido a kan aukuwa kaɗai ba ne. Mai bin sawu bai ga ɓarawon shanu ba, amma daga zurfin kofato da bushewar kashi yakan faɗi yawan dabbobin da lokacin da suka wuce da inda suka nufa, a bi kuma a tarar da su. Mu ma masu nazarin harshe babu wanda ya taɓa jin kakan harsunan Cadi, wato dangin harsunan da Hausa take ciki, da kunnensa, amma kwatanta Hausa da Bolanci da Ngizimanci da Angasanci ya nuna tushensu ɗaya, kuma rabe-raben da Joseph Greenberg ya fitar a 1963 ya sanya su cikin babban gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye. Kalmar nazari aro ce daga Larabci, amma kalmar mutu, wadda ta yi kama da maut ta Larabci, gado ce da harsunan biyu suka ci daga kaka ɗaya. Ba wanda ya ga wannan kaka, sawunsa ne ya cika bakunanmu.

Sai kalma ta biyu, wato ibolushin, wadda ta fi wuyar fassara. Na ji wasu suna cewa rikiɗa, kuma wannan ita ce fassarar da ta fi kowace ɓarna. Rikiɗa a wajen Bahaushe aikin tatsuniya ne da tsafi, mutum guda ya shiga daji ya koma kura. Masana halittu ba su taɓa cewa wata dabba guda ta wayi gari ta zama wata ba. Juyin halitta ya fi yaɗuwa a rubuce-rubuce, amma juyi yana ɗauke da gaggawa irin ta juyin mulki, abin da ake magana a kai kuwa tafiyar hawainiya yake yi, zuri'a bayan zuri'a. Shi kansa Charles Darwin, a littafinsa na 1859 a kan asalin nau'o'in halittu, lafazin da ya fi riƙewa yana nufin gangarowar zuri'a tare da sauyi. Saboda haka na fi son a ce sauyawar zuri'a, ko sauyawar jinsin halittu a hankali.

Kalmar da za ta buɗe wa ɗalibanka ƙofa kuwa ita ce iri. Duk manomin ƙasar Daura ya san yadda ake ware zangarniyar geron da ta fi cika a ajiye don shuka mai zuwa, ya kuma san shibra, geron nan mai zubar da ƙwaya tun kafin girbi, wanda ke tuna mana da ciyawar dajin da aka samo gero daga gare ta a yankin Sahel fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Zaɓen iri na manoma ne ya raba gero da kakansa. Abin da Darwin da Alfred Wallace suka gabatar a Landan a 1858 shi ne cewa muhalli ma yana yin irin wannan zaɓe ba tare da hannun manomi ba: 'ya'ya suna bambanta, bambancin ana gadonsa, wanda siffarsa ta fi dacewa da wurin shi ya fi barin zuri'a. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma cikin 'ya'yan barewa wani ya fi wani sauri, kuma wanda ya tsere wa kare shi ne zai haifi na gaba.

Game da matsayin wannan bayani a wajen masana, amanar ilimi ta sa in faɗa maka yadda yake. Cewa zuri'ar halittu tana sauyawa abu ne da ake gani, har a gidajenmu. Kulorakwin ya yi shekaru yana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sai ƙwayoyin da suka iya jure masa suka rayu suka yaɗu, har Nijeriya ta sauya maganin farko na zazzaɓin a wajen 2005. Sauro ma ya yi haka da magungunan feshi. Amosanin jini, wato sikila, misali ne a jikin ɗan Adam: a 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da rabin gadon, wanda asibiti ke rubuta wa AS, yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi. Ƙasusuwan da suka zama dutse su ma shaida ne, irin na manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a Gadufawa cikin Jamhuriyar Nijar. Nazariyyar ta ci jarrabawar hasashe kuma: masu bincike sun lissafa shekarun duwatsun da ya kamata a sami halitta mai siffa tsakanin kifi da dabba mai ƙafa huɗu, suka nufi arewacin Kanada, suka same ta a 2004 cikin duwatsu masu kimanin shekara miliyan 375. Bayan gano tsarin sinadarin gado na DNA a 1953, kwatanta shi tsakanin halittu ya fitar da bishiyar dangantaka da ta yi daidai ƙwarai da wadda aka zana daga ƙashi da siffa. Shi ya sa masana ilimin halittu suka ɗauke ta ginshiƙin fanninsu. Saɓanin da ke tsakaninsu a rassa yake, kamar saurin sauyin da ƙarfin kowane sababi, ba a kan aukuwarsa ba.

Na san inda zuciyar ɗalibin take, wato maganar mutum da biri. Cewa mutum daga biri ya fito ba lafazin masana ba ne. Abin da suke faɗa shi ne mutum da manyan birai na yau sun haɗa kaka mai nisa, kuma kakan da ya haɗa da mafi kusa da shi a cikinsu ya rayu kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kamar yadda Hausa ba daga Larabci ta fito ba amma sun haɗa tushe. Wannan shi ne matsayinsu, kuma bai kamata a rage shi ko a ƙara masa gishiri ba. Malaman Musulunci kuwa sun yi magana a kai ta fuskoki dabam-dabam: akwai masu ƙin bayanin gaba ɗaya, akwai masu karɓarsa a tsirrai da dabbobi su keɓe halittar Annabi Adamu, alaihis salam, bisa nassi. Wannan hukunci na malaman tafsiri da tauhidi ne, can za ka tura ɗalibin da ladabi. Abin da ya shafi fagena shi ne kalmar halitta kanta, wadda a Hausa take ɗauke da Mahalicci a cikinta, alhali awon kimiyya yana tsayawa ne a kan sababai da ake iya gwadawa, ba ya da ma'aunin da zai tabbatar ko ya kore abin da ke bayansu. Wanda ya ce nazariyyar ta kore Mahalicci ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Idan ka koma aji, Malam, ka rubuta kalmomi uku a allo, zato da hasashe da nazariyya, ka sa ɗaliban su kawo misalin kowace daga gona ko kasuwa ko asibiti kafin ka buɗe littafi. Sannan ka rubuta nazariyyar sauyawar zuri'a a matsayin kan darasin, ka fara da zangarniyar gero da ta shibra a hannunka.