An ƙara min kuɗin inshorar lafiya: in sabunta ko in haƙura?

Tambaya: Ina da shago a Kantin Kwari. Kamfanin da na yi wa iyalina inshorar lafiya a wajensa ya aiko da kuɗin bana, ya kusa ninka na bara. Ga shi in mun je asibiti sai a ce babu magani, mu je kemis. In sabunta?

Alhaji, ƙarin ba daga sama ya faɗo ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, magani da kayan gwaji da ake shigowa da su da dala suka yi tashin gwauron zabi. Ga man janareto, ga kuɗin wuta.

Amma maganar "babu magani" tana da nata tushen, wato yadda ake biyan asibiti. Hanya biyu ce. Ko dai a ba asibiti ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba, ko kuma a biya shi a kan aikin da ya yi, bisa jerin farashin da aka yi yarjejeniya a kai. A tsarin tarayya an shafe shekaru ana ba asibiti naira 750 a wata kan mutum ɗaya, kafin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta yi ƙari a 2024 da 2025. Ina naira 750 ina maganin zazzaɓi? Kamfanoni masu zaman kansu ma jerin farashinsu kan tsufa, wasu kuma su riƙe kuɗin asibiti wata da watanni. Asibitin gwamnati yana iya jurewa, tunda albashin ma'aikatansa ba daga nan yake fitowa ba. Asibitin kuɗi kuwa sai ya rubuta maka takarda ka fita waje, ko ya dakatar da masu katin kamfanin gaba ɗaya.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, je asibitin da kuke zuwa, ka nemi mai kula da teburin inshora. Tambaye shi a hankali: wannan kamfanin yana biya a kan lokaci? An taɓa dakatar da shi? Amsarsa ta fi duk abin da ɗan talla zai gaya maka. Sannan ka karɓi takardar sharuɗɗa ka duba iyakar kuɗin shekara, iyakar kuɗin tiyata, kwana nawa aka yarda a kwantar da mutum, da ko maganin hawan jini da ciwon suga na ciki. In iyakar tiyatar ba ta kai kuɗin tiyatar haihuwa a asibitin naku ba, canja kamfani. Mu dai ba mu ba ka shawarar zama haka ba kati ba.

Tambaya: Cikina wata huɗu. In na sayi inshora yanzu, za ta biya haihuwa?

Da wuya, Hajiya. Yawancin tsare-tsaren da mutum ke saya da kansa suna da wa'adin jira kafin haihuwa ta shiga, kuma yakan wuce watannin da suka rage miki. Leƙa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, KSCHMA, ki tambayi ranar da kati zai fara aiki. Ki fara awo yanzu, kada ki jira kati.

Tambaya: Ni ma'aikacin tarayya ne, matana biyu. Wane asibiti zan zaɓa?

Malam, fara da lissafin gida. Tsarin tarayya ya ɗauki kai da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Sauran sai an yi musu rajista daban da ƙarin kuɗi. Za ka kuma biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Zaɓi asibiti na kusa da gida mai likita da daddare. In ciwo ya fi ƙarfinsu, su za su tura ka babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano, da takardar turawa da lambar izini daga kamfanin inshorar. Kada ka bar wurin sai lambar tana rubuce a jikin takardar, don in babu ita, daga aljihunka za a nemi ka biya.