Ɓaraguzan rusau a madadin tsakuwa: su hau dekin ko su tsaya ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ginin bene a Kubwa. Wani mai tifa ya yi mini tayin fasasshen kankare daga ginin da aka rushe, kuɗinsa bai kai rabin na tsakuwar Mpape ba. Birkilana ya ce dutse ai dutse ne. In zuba dekin da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka zuba.

Ɗauki ɓallin kankaren guda ka duba da kyau. Za ka ga tsohon kwaɓin siminti da yashi manne a jikin dutsen. Jefa shi cikin bokitin ruwa, ka ga yadda ƙananan kumfa ke tasowa. Ƙofofi ne a jikinsa. Tsakuwar kwari, wato wadda ake fasowa daga dutse irin ta Mpape, da wuya ta sha ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinta, wannan kuwa yakan sha ninkin haka har sau uku ko fiye. Da an kwaɓa sai ya zuƙe ruwan, kwaɓin ya yi tauri a kan shebur, leburori su yi ta ƙara ruwa don aiki ya yi sauƙi. Wannan ƙarin ruwan shi ke kashe ƙarfin kankare, abin da na fi ji maka tsoro ke nan.

Ba wai ba ya amfani ba ne. Inda ake niƙa shi da inji, a tace, a wanke, an gano cewa maye gurbin kashi 20 zuwa 30 na tsakuwa bai cika rage ƙarfi sosai ba. In aka yi da shi zalla, ƙarfin kan iya faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya kuma fi saurin tsagewa wajen bushewa. To wancan tatacce ke nan. Abin da tifa ke kwasowa daga wurin rusau akwai fulasta, guntayen bulo, tayil, katako, har da POP, wanda sinadarinsa ke sa kankare ya kumbura ya dare bayan an daɗe da tarewa. Kuma wa ya san ingancin ginin farko?

Ka saya in ya yi araha, amma ya tsaya ƙasa: cikon fandisho, shimfiɗar farko kafin jamanfulo, daɓen tsakar gida. Ko a nan a tsince dattin, a tankaɗe garin a zubar, a jiƙa shi tun daren jiya, ya tsane kafin kwaɓi.

Pila, bim, linta da dekin kuwa, tsakuwar kwari. In ka nace sai ka gauraya, nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya tsara kwaɓin, a zuba samfuri a kai ɗakin gwaji, a matse a kwana 7 da kwana 28, ka ga sakamakon a takarda kafin a kafa katakon dekin.