Amsa ga mai tambayar gidan gado na Gada Biyu

Assalamu alaikum. Ƙanina, tun daren jiya na karanta tambayarka, na ajiye wayar, barci ya ƙi zuwa. Ka ce Baba ya rasu ya bar muku gida ta wajen Gada Biyu a Jos, gidan da kuka baro tun rikicin 2008, kuma wani makwabcinku Kirista ne ke kula da shi har yau, yana karɓar kuɗin haya yana aiko muku. Yanzu magada na so a sayar a raba, makwabcin ya ce shi zai saya, amma wasu dangi sun ce haramun ne a sayar masa, a miƙa wa dillali kawai. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Wallahi kamar labarin gidanmu ka ɗauko ka rubuta, bambancin kawai kai naka bai riga ya kuɓuce ba.

Namu gidan yana ta ɓangaren Nasarawa ne, a gefen da yanzu ba mai hijabin da za ta kwana a can. Kakanmu ya zo Jos zamanin haƙar kuza, a nan aka haifi Babanmu, a nan ya yi ɗinkinsa har ya gina ɗaki takwas. Katanga ɗaya ta raba mu da wata tsohuwa 'yar Birom, Ngo muke ce mata kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta. A gidanta na fara shan gwate. Ranar Kirsimeti takan aiko a kira Baba ya yanka mata kaji don mu ma mu ci, mu kuma ba a taɓa raba naman layya ba a fitar da nata ba. A rikicin 2001 ma mun gudu mun dawo mun tarar da komai yadda muka bar shi.

Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2008 ina gida wankan jego, kwanana goma sha shida da haihuwar 'yar fari. Kun san yadda aka kwana ana jiran sakamakon zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ba sai na faɗa ba. Baba ya fita sallar asuba bai samu hanyar dawowa ba. Daga ni sai Inna, sai ƙannena biyu, sai jaririya. Ga sanyi, ga ruwan wankana a kan murhu, ga hayaƙi yana matsowa layi bayan layi. Sai muka ji Ngo ta bayan katanga tana kiran Inna ƙasa-ƙasa. Turmi muka kifa muka taka, ni da ɗinkin haihuwa a jikina, aka miƙa mata jaririyar ta sama kamar ana miƙa ƙwarya. Ta tura mu ɗakin da take ajiye buhunan acha ta ja ƙofa.

A ɗakin nan yarinya ta fara kuka. Na tura mata nono, tsoro ya sa ruwan ya ɗauke, ta ƙi kamawa. Inna tana ta karanta Ayatul Kursiyyu tana kasa kai ƙarshe, sai ta sake komawa farko. Na sa tafin hannuna na rufe bakin 'yata, ƙanina, na rufe bakin jaririyar kwana goma sha shida, har yau ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Wannan hannun ina kallonsa wani lokaci in ji jikina ya yi sanyi. Ngo ce ta shigo ta fizge ta daga hannuna, ta goya ta da zanenta, ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakin ƙofar gida.

Daga ciki muna jin komai. Muryar da ta fi tashi na san ta. Yaro ne ɗan layinmu, sa'an ƙanena, wanda ya ci tuwon Inna ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, wanda Baba ya ɗinka wa kayan makaranta kyauta shekarar da ubansa ya rasu. Shi ne yake cewa suna nan, ban ga fitarsu ba, har da mai jego. Har da mai jego. Da bakinsa. Ya zo suna ya ci waina kwana tara kafin ranar. Ngo ta ce musu wadda ke bayanta jikarta ce, kuma duk mai son shiga gidanta sai ya fara taka ta. Ta kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta kira sunayen iyayensu mata. Suka juya kan gidanmu suka kwashe kekunan ɗinkin Baba, suka kwashe kayan ɗakina da aka kawo, suka cinna wuta. Muna jin kwanon rufin yana ƙara yana faɗawa. Sai washegari motar sojoji ta kwashe mu zuwa Babban Masallaci. Abin da na gani a jere a harabar nan ba zan rubuta shi ba, da yawanku kun gani. A can muka sami Baba da rai yana bin gawarwaki yana buɗe fuskoki yana neman mu.

Yaron nan yana nan da ransa. Nakan gan shi a Taminus, ya yi ƙiba, ya yi iyali. Sau ɗaya muka haɗa ido ya sunkuyar da kai ya shige cikin mutane. Malamai sun yi mini nasiha a kan yafiya, na ji, na san falalarta, amma zuciyata ba ta kai can ba tukuna kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Da zai tsaya ya ce Yaya ki yafe mini, wataƙila. Bai taɓa ba.

To amma ka san wanda ya raba mu da gidan? Ba shi ba ne. Wuta ta ci rufi, bango yana tsaye, fili yana nan. Babban ɗan Ngo ya sa kwano a ɗaki biyu ya zuba 'yan haya don kada a mayar da wurin juji. Baba yana ta shirin gyarawa sai ga rikicin 17 ga Janairu 2010, wanda kowa ya san a kan gyaran gidan da aka ƙona a Dutse Uku ya fara. Daga ranar Baba bai sake maganar komawa ba. Hawan jini ya kama shi, bayan shekara biyu ya rasu a ɗakin haya.

Ba a yi sadakar arba'in ba baffanmu ya zo ya karɓi takardun gida a hannun Inna tana cikin takaba, wai zai adana. Ɗan Ngo ya aiko cewa in za a sayar a fara yi masa magana. Baffa ya tara mu ya yi ta jawo ayoyi, ya ce waɗanda suka ƙona mu ba za su ci gidan ɗan'uwansa ba yana raye, haramun ne, kuma duk wanda ya taka unguwar nan ba da yawunsa ba. Na ce Baffa, matar nan fa ita ta goya 'yata. Ya ce mace ba ta sa baki a maganar gado, a gaban ƙannena ya faɗa, a gaban Inna. Ya kawo dillali mai carbi a hannu. Kuɗin da aka kawo mana ko fegi ba zai saya a Rikkos ba. Bayan wata huɗu muka ji dillalin ya sayar wa wani Kirista da ba ma ɗan unguwar ba, a kan kuɗin da ya ninka namu, kuma Baffa ya sami kasonsa. Abin da ɗan Ngo ya yi niyyar bayarwa ya fi abin da muka karɓa nesa ba kusa ba. Ashe haramcin na mu marayu ne, bai shafi dillali ba. Mutumin nan ƙanin ubana ne, shi ya karɓi sadakina ranar ɗaurin aurena. Inna har yau tana haya a Unguwar Rogo, ɗaki biyu, kuma kun san yadda haya ta yi tsada tunda aka matse mu wuri guda. Duk shekara in lokacin biya ya zo sai ta yi kuka. Shi kuwa ya je Umara ya dawo yana raba mana dabino. Wannan ciwon ya fi mini na wutar, Allah shi ne shaida.

Saboda haka abu na farko, takardun nan kada su bar hannunka. Ka yi musu hoto, ka ba wani amintacce kwafi. Duk wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan haramci, ka lura da kyau ko yana da dillali a aljihu.

Ni ba malama ba ce, amma bayan abin ya faru na bi malamai na tambaya, don ina so in san ko Baffa na da gaskiya. Ciniki da Kirista halal ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin Bayahude a kan abincin da ya karɓa wa iyalinsa, yana cikin Bukhari. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba. Ka duba ayar da kyau, ita da kanta ta raba yaron da ya nuna gidanmu da Ngo. Mutumin da ya tsare muku gida shekara da shekaru yana aiko da kuɗin haya, a wane ɓangare yake? Inda malamanmu na Malikiyya suka hana shi ne idan ka san coci za a gina a wurin. To ka tambaye shi kai tsaye me zai yi da gidan, ba abin kunya ba ne, in zama ne ko haya shi ke nan. Akwai ma hadisin Abu Rafi'u da ya sayar wa makwabcinsa Sa'adu ɗakunansa a ƙasa da abin da wani ya taya, saboda ya ji Annabi ya ce makwabci ya fi cancanta da abin da ke kusa da shi. Ban ce ku karya masa kuɗi ba, dukiyar magada ce, in akwai ƙananan yara ma ba ku da ikon yin rangwame a kasonsu. Ka kai wa malamin da ya san fiƙihun gado maganar, ba mai wa'azin Facebook ba.

Kuma don Allah ka je da ƙafarka. Wannan shi ne abin da ban yi ba, tsoro da biyayya suka hana ni. Ka zauna da mutumin, ka ga gidan, ka tambayi mutum biyu ko uku 'yan unguwar nawa ake sayar da irinsa yanzu, don farashin gudun tsira na 2009 ba shi ne na yau ba. Ka sa 'yan'uwanka mata a cikin maganar tun daga farko, kasonsu Allah ne ya yanka musu a Suratun Nisa'i.

Wani zai ce ina yabon waɗanda suka kashe mu. Ni na ga gawarwakin, ba labari aka ba ni ba. Ban manta kisan Kuru Karama ba, ban manta masu Idi a hanyar Rukuba a 2011 ba, ban manta matafiyan da aka tare a wannan hanyar a Agustan 2021 ba. Amma ƙanwar Ngo ma da zane ɗaya ta fito daga Unguwar Rogo a 2001, gidanta a hannun wani namu yake da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma su ma suna da kisan Dogo Nahawa da bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 a Gada Biyu ɗin nan taku da Unguwar Rukuba. Ngo ta san duk abin da aka yi wa ƙanwarta ranar da ta zauna a bakin ƙofa da 'yata a bayanta. Lokacin da Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018, duk mun yi alfahari da shi, har Amurka ta karrama shi a 2019. Irinsa suna can ɓangaren ma, sai dai ba wanda ya ɗauki hotonsu.

Abin da ke ci mini rai yanzu yaranmu ne. Ƙananan 'ya'yana ba su da aboki Kirista ko ɗaya, makarantarsu daban, filin ƙwallonsu daban, sai dai a haɗu a Farin Gada wajen sayen kayan miya. Autana ya taɓa tambayata ko Kiristoci suna jin Hausa. A Jos fa, garin da ake wa'azi da Hausa a coci. Na rasa abin da zan ce masa.

Ngo ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Na je gaisuwa da hijabina, na tafi da yarinyar da ta goya, budurwa ce yanzu. Ban shiga coci ba, a tsakar gida na zauna da 'ya'yanta muka yi kuka. Da na dawo an yi ta magana a dangi, har da Baffa. Na ce musu Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude ya ce ashe ba rai ba ne. Ban waiwayi gidanmu ba ranar, an yi masa fenti an sa get, na dai gane bishiyar gwaibar da Baba ya dasa ta leƙo ta saman katanga.

Komawa zama kuwa, ba ka tambaya ba amma zan faɗa, ni ba zan ce ka kai iyalinka can ba tukuna. In kun ga ba dole, ku bar shi a haya ma wata hanya ce, tunda kuna da mai amana, sai dai in magada sun matsa a raba, to a raba. In za a yi cinikin, a yi shi a rubuce gaban lauya, da shaidu daga ɓangarenku da nasa, da mai unguwar wurin, kuɗin kuma ta banki, kowane magaji ya ga adadin da idonsa. Ka je da hantsi a tsakiyar mako, ba Juma'a ba ba Lahadi ba, ka bar shi ya tare ka a bakin titi ku shiga tare, kada ka kai magariba. Ka riƙa masa ɗan abin hannu, ko turmin atamfa ne na matarsa, tun kafin a fara maganar kuɗi. In ka dawo ka sanar da mu yadda kuka yi, zan sa ku a addu'a. Allah ya jiƙan Babanku da namu.